Ƙaton da ke Tsayawa Gaban Gola

Tun asuba Tuomo Karvonen yake kan motar share ƙanƙara, yana buɗe wa garinmu hanya. Shekara ashirin da uku yana wannan aiki, kuma duk tsawonsu yana buga wa ƙungiyar garin hoki, wasan da ake buga faifan roba da sanda a kan ƙanƙara. Gudu kam bai iya ba. In zai juya a fili sai ka ce tirela ce ke neman kwana.

Abu ɗaya ya iya. In alƙalin wasa ya kori ɗan hamayya na minti biyu, muka zama biyar su huɗu, sai Tuomo ya je ya kafe a gaban golansu kamar garu. A zabga masa sanda a gadon baya, faifan robar ya same shi a ƙwauri, ko gezau. Gola ba ya ganin komai sai wandon Tuomo, abin da ba ka gani ba kuwa ba ka tare shi.

Bana aka kawo mana sabon koci daga birni, Aleksi Vuorela, da allonsa da alƙalami kala uku.

"Baba, zamanin tsayuwa ya wuce," in ji shi. "Yanzu juya faifai ake. Ran Lahadi benci za ka zauna. In tsarina ya ci, sai ka ajiye sanda."

"To, yallaɓai," in ji Tuomo.

Ran Lahadi da rana aka kori ɗan hamayya. 'Yan wasan koci suka yi ta miƙa wa juna faifai gwanin sha'awa, kamar baƙin da ke jin kunyar fara sa hannu a kwano. Minti biyu cur ba wanda ya buga raga. Da aka sake korar wani, mutum huɗun nan suka ci mu, muna biyar.

Irmeli mai sayar da kofi ta ɗaga murya daga rumfarta: "Kai mai allo! Zane ba ya shiga raga! Sako mana ƙaton nan!"

A kora ta uku koci ya ce wa Tuomo, "Tashi," ba tare da ya dube shi ba.

"Ni? Ai zamanina ya wuce."

"Baba, don Allah tashi!"

Tuomo ya lallaɓa ya kafe a wurinsa. Wani ɗan bayanmu ya ɗirka faifai, faifan ya daki haɓar Tuomo, ya faɗa raga. Aka tashi kunnen doki.

A ɗakin canza kaya koci ya zana wata jar kibiya, yana bayanin cewa dama haka ya tsara. Sannan ya rage murya: "Akwai wasa Asabar ƙarfe biyu, Baba. Kada ka makara."

Da na leƙa zan tafi, na ga Tuomo ya tofar da guntun haƙori a kwandon shara, ya ɗora sandarsa a cinya yana naɗa mata sabon tef.