Gaisuwar da Ta Kwantar da Tsoho

Da na gaya wa Yaya na samu aiki a wani tsibiri can ƙarshen arewacin Scotland, ajiye ludayi ta yi ta ƙare mini kallo. Muna kicin ɗinta a Birmingham, 'ya'yana mata biyu suna falo tare da nata yaran.

"Ke da ko kududdufi ba ki taɓa shiga ba? Are you serious? Wata uku na ba ki, za ki dawo kina neman agency work, aikin wucin gadi."

A lokacin ita ke riƙe mini yaran. Tun da Allah Ya yi wa mahaifinsu rasuwa abubuwa suka cakuɗe mini. Ina aikin nas a wani asibiti a Manchester, yawanci na dare, muna zaune a wani ɗan flat a unguwar Longsight da bangonsa ke tsattsafo da ruwa. Maƙwabtana matan Gana sun yi iya ƙoƙarinsu, yau wannan ta kwana da yaran, gobe waccan ta kai su makaranta, har kunya ta ishe ni na kai su wurin Yaya. Daga nan na zama uwar ƙarshen mako. In hau bas ranar Asabar, in juyo ranar Lahadi ina share hawaye da bakin mayafi.

Aikin tsibirin da gida ya zo, ga makaranta a bayan gidan, kuma ba a fita da dare sai larura ta taso. Sharaɗi ɗaya ne. Zan yi wata shida na gwaji ni kaɗai, sannan mutanen tsibirin su zauna da jami'ar lafiya ta babban gari su faɗi ko suna so na. In sun ce suna so, in ɗauko 'ya'yana. In sun ƙi, in koma aikin dare, yara su ci gaba da girma a hannun Yaya.

Jirgin ƙasa na hau, na sauka na shiga babban jirgin ruwa, daga shi na koma wani ƙarami da ya yi ta jijjiga ni har na amayar da abin da ban ci ba. Tsibirin ba bishiya ko ɗaya. Tumaki sun ninka mutane, titi guda ne, kanti ma guda, kuma shi ne gidan waya. Likita yana zuwa jifa-jifa, in teku ta yarda. Sauran lokaci ni ce komai. Aka miƙa mini makullin ɗakin shan magani da na wata 'yar farar mota, aka ce motar nas ce.

Na kwana, na sake kwana, ba wanda ya leƙo ya ce sannu da zuwa. A Longsight, ranar da muka tare, kafin mu gama shigar da katifa kwanon shinkafa da wake ya iso daga maƙwabta. A nan kuwa in kun haɗu da mutum a titi, yatsa ɗaya zai ɗaga daga kan sitiyari ya wuce. Abin ya ba ni haushi, amma na yi wa kaina faɗa. Ni ce baƙuwa, kuma yawancinsu sun haife ni. A gidanmu a Zariya an koya mana wanda ya sauka a wuri shi ke bin manya gida-gida ya gaishe su. Ban ga dalilin da zai sa tarbiyyata ta tsaya a bakin teku ba.

Ina tashi daga aiki, da yunifom ɗina da jakata, na shiga motar na nufi gidan wanda aka ce ya fi kowa tsufa, wani masunci da ya daɗe da ajiye sana'a. Ya buɗe ƙofa ya gan ni, ya dubi motar, ya ja da baya ya zauna. Na samu kujera na fara gaisuwa yadda ta kamata, da Turanci amma a kan tsarinmu. Na tambaye shi ya ya kwana, ya sanyi, ya gajiya, ya gida, ya ƙarfin jiki. Kowace tambaya sai na ga yana ƙara yin fari. Na ce a raina kunya ce irin ta tsofaffi. Da zan tafi na ce masa ya riƙa kula da kansa, zan sake dawowa.

Washegari na je gidan wata tsohuwa da mijinta ya mutu, bayanta wasu tsofaffi biyu wa da ƙani. Ina komawa gida ina jin daɗi, ina cewa yanzu sun san 'yar mutunci aka kawo musu. Na lura dai in motar ta doso sai a saki labule, amma ban kawo komai ba.

Jirgin ranar Juma'a ya sauke 'yar masuncin daga Glasgow, idanunta jajur. Ko gida ba ta je ba, ɗakin shan magani ta faɗo mini. Ta ce maƙwabta sun buga mata waya an ga motar nas a ƙofar mahaifinta har wajen awa guda, kuma tun ranar yake kwance ya ƙi cin abinci. Ta ce in gaya mata gaskiya, saura masa kwana nawa?

Na ce, "Ni gaishe shi na je yi."

Ta maimaita kalmar kamar ba ta taɓa jin ta ba. Daga nan kuka ya koma faɗa. Ta bar aiki, ta bar yara, ta kwana a hanya. Ta ce sai ta kai ƙarata. Ta kuwa kai, don ranar Litinin jami'ar lafiya ta babban gari ta kira ni, da muryar nan mai sanyi da Turawa ke yanka mutum da ita, ta ce kada in ƙara zuwa gidan kowa sai an kira ni, kuma za a tayar da maganar a zaman wata shida.

Na kira Yaya. Ta yi dariya har tana tari, sannan ta ce, "Ki tattaro ki dawo tun kafin su kore ki. At least ke kika yi resigning." Ta miƙa wa ƙaramar 'yata waya, ta ba ni labarin haƙorinta da ya fita. Ban ga wawulon ba, a waya na ji shi cikin maganarta. Da na ajiye wayar na ji tsoro sosai, irin wanda ban ji ba ko a cikin jirgin ruwan.

Mai kanti ce ta warware mini. Mace ce mai ƙiba, mai maganar gaskiya, ta ja ni bayan buhunan abincin tumaki ta ce in saurara. A tsibirin kowa na hango gidan kowa ta taga. Nas ɗin da ta gabace ni ba ta tsayar da motar a ƙofar mutum sai haihuwa ko mutuwa, kuma an jima ba a haihu ba. Tsohuwar da na je wa ta riga ta fitar da rigar da take so a binne ta da ita ta goge. Wa da ƙani kuwa suna ta gardamar wanne daga cikinsu na je dubawa.

Na ce, "To ku ba ku gaida tsofaffinku sai za su mutu?"

Ta ce, "Muna gaishe su mana. Muna ɗaga musu yatsa."

Har yau ban ga laifina ba, kuma na gaya mata. Ta ce ita ma ba ta ce na yi laifi ba, motar ce ta yi. An hana nas zuwa gidajen mutane, amma ba wanda ya hana maƙwabciya.

Ranar Asabar ba aiki. Na soya cincin cike da roba, na ɗaura atamfata mai ruwan ɗorawa, na ɗora rigar ruwa, na zura takalmin roba, na kama titi a ƙasa. Iska na neman kwance mini zani, tumaki na bi na da kallo. Gidan masuncin na fara. 'Yarsa ta koma Glasgow, shi kuma yana kujera lulluɓe da bargo, gani yake ɓoye masa gaskiya ake yi. Na durƙusa har ƙasa don in ba shi haƙuri, sai ya zabura ya yar da bargon ya kama hannuna, a zatonsa faɗuwa na yi. Na ce masa haka ake gaida manya a garinmu, kuma wancan zuwan ma gaisuwa ce kawai.

"Wato ba abin da ke damuna?"

Na ce, "Yadda ka ɗaga ni yanzu, ai ka fi ni lafiya."

Ya saki hannuna. Sai ya fara masifa, ya ce na sa ya yi asarar sama da mako guda a kwance ga rufin rumfarsa na yoyo. Yana faɗa yana ɗibar cincin. Kafin ya kai ƙarshen masifar dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da hawaye. Ya ɗauki sandarsa ya ce in taso. Shi ya raka ni gidan tsohuwar, tun daga bakin shinge yake ɗaga murya yana cewa ta mayar da rigarta akwati, wannan gaisuwa kawai ta zo yi, haka suke yi a garinsu.

Duk lokacin sanyin nan, kowace Asabar ina kan titin da robar cincin, rana na faɗuwa tun kafin la'asar ta yi nisa. Na koyi shan shayinsu mai kauri, su kuma suka koyi amsa tambayoyina ba tare da sun dafe ƙirji ba. Mutanen da ba su taɓa taka ɗakin shan magani ba, ana cikin hira sai wani ya cire safa ya ce, tunda kin zo, dubi wannan yatsan. In ce masa yau ba nas ba ce ni, ya same ni ranar Litinin. Kuma sai ya zo.

Zaman wata shida a makaranta aka yi shi, da rana. Aka ce in jira a waje. Na zauna a wani ɗan benci na yara, gwiwoyina na neman taɓa haɓata, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ina jin muryoyi na tashi a ciki, har da buga sanda a ƙasa. Na ce shi ke nan, ƙarar nan ce ake yi.

Jami'ar ta fito tana gyara tabarau. Ta ce ta tayar da maganar ƙarar, masuncin ya miƙe ya ce a bar ta, tun da matarsa ta mutu ba wanda ya tambaye shi yadda ya kwana sai ni. Hayaniyar da na ji kuwa, ta ce, mutanen ƙarshen titi ne ke ƙorafin kullum ta gidajen kusa nake farawa, kafin in iso wurinsu cincin ya ƙare. Ta miƙo mini hannu ta ce aiki ya zama nawa.

Da gudu na isa gida, ni da ban yi gudu ba tun ina 'yar makaranta. Na kira Yaya, tana ɗauka na ce, "Yaya, a haɗa musu kaya."

Na ji tana jan hanci. Can ta ce, "Zo ki kwashe abinki, sun cinye mini fridge." Ba ta ƙara tayar da zancen wata uku ba, ni kuwa sai da na tuna mata.

Na biya ta Longsight na cika akwati da kuka da daddawa da yaji da nama daga mahautan Stockport Road, matan Gana suka yi ta sa mini albarka. Na wuce Birmingham na ɗauko 'ya'yana. A ƙaramin jirgin babbar ta tsaya tana kallon teku ko gezau, ƙaramar kuwa ta wanke mini gaban riga da amai, ban ko goge ba sai da muka sauka.

Na buɗe musu ƙofar gidan. Babbar ta haye sama neman ɗaki. Ƙaramar ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a baya, ta ƙi saukewa. Ta saba duk inda ta gan ni, washegari rabuwa ce.

"Mummy, when do we go back? Sunday?"

Na durƙusa na zare mata jakar. Na ce, "Ba inda za mu. Mun zo ke nan. Cire takalminki ki shigo."