Sunan Kakanmu da Na Bari Ya Ɓace

A da, a Djougou, da sunan ubansa da unguwarsu ake sanin mutum. Yanzu takarda ake tambaya. Ni tsohon direban babbar mota ne, na ga Kumasi, na ga Yamai da Kano, ina jin Dendi da Faransanci, kuma ko'ina na je Madugu nake amsawa, sunan da ke kan katin gidanmu. Gaskiyar ita ce kakana ba madugu ba ne. Yaro ne da wani madugun goro ya saya a hanya, da Turawa suka zo rubuta mutane aka sa masa sunan ubangidansa. Gwaggona da ke Onklou kaɗai ta san sunansa na yanka da garinsu. Duk sanda ta ɗauko zancen sai in ce ta rufa mana asiri.

Ɗana yana aiki a mayanka a wani ƙauyen Amurka, cikin gonakin masara. Mutanen can suna bin makabarta suna karanta sunayen kakanninsu a jikin dutse, mu kuwa kabarinmu ƙasa ce, damina kaɗan ta shafe shi. 'Yarsa ta taso tana ganin haka, ta kira ni ta ce Kaka, mu fa daga ina? Na shirya mata labarin jagoran ayari mai jakuna, ta karanta wa 'yan ajinsu.

Da ta girma ta zo wurina a Parakou, ta nace sai ta ga gidan madugun da na ce mata kakanmu ne. Na yi ta kawo dalilai, cikin tsokana ta ce angon nata ya tsufa, zem ma, wato acaɓa, tsoro yake ba shi. Muka je. A zaure wani dattijon gidan ya gaya mata, ba da mugunta ba, cewa kakanmu ai na bayan gida ne, sayensa aka yi. Na jira ta yi kuka. Abin da ta tambaya kawai shi ne sunansa, da inda aka raba shi da uwarsa.

Na hau mashin zuwa Onklou. Na tarar da gwaggo tsufa ya cinye ta, ko ni ba ta gane ba. Na durƙusa ina roƙonta, ina ambato mata garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana tambayata ko an ba awaki ruwa. Na bi tsofaffin unguwa, na bi dillalan goro a kasuwar Arzèkè, babu wanda ya sani. Kafin lokacin girbi gwaggo ta rasu.

Jikata ta yafe mini, amma ta daina tambayata komai. Masu karatu, in kuna da tsoho mai son magana, ku zauna ku saurara, ko da abin kunya zai faɗa. Ni na hana, kuma yau babu mai rai da ya san sunan kakana.