Twila Haugen da Motar Aro

Twila Haugen ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ko a coci bencin baya take kamawa, dab da ƙofa, ƙafarta na kaɗawa har fasto ya sauko. Sana'arta ma ta marasa zama ce: tana bin gidajen kiwo na gabashin jihar Montana ta Amurka tana yanke wa dawakai kofato, ta ƙera musu takalmin ƙarfe ta buga. A hannun mahaifinta ta koya tun tana budurwa. Yanzu ta haura hamsin, bayanta ya fara ƙorafi, amma hannunta na nan daram. Mijinta Arlo, wanda ya aje tuƙin motar 'yan makaranta, shi kuwa sai ya wuni a kujera ɗaya yana kallon tsuntsaye ta taga, bai ga abin da ya rasa ba.

A ƙarshen kaka injin tsohuwar a-kori-kurarta ya buga a tsakiyar hanya, tana janye da tirelar kayan aiki, da uwar maƙera da murhun gas da komai. Makanike ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya ce ta yi haƙuri.

Washegari ta dira wurin Denny Bauer, dillalin motoci ɗaya tilo a garin, wanda suka yi aji ɗaya tun firamare. Ya kai ta gaban motoci biyu da ke fake kafaɗa da kafaɗa.

"Wannan ta fetur ce. Kin san halinta, ƙanwar wadda kika kashe ce."

"Ni na kashe ta? Tsufa dai, irin wanda ya cinye maka gashi."

"Na ji. Waccan kuma ta lantarki. Kuɗinta ya fi nauyi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba juyen baƙin mai, ba tsayawa gidan mai. Ki jona ta a gareji, gari ya waye ta ƙoshi."

"In hunturu ya shigo fa?"

Denny ya sosa ƙeya. "To, tana jin sanyi, kamar kowa."

Daga ranar Twila ta rasa sukuni. In ta kwana da niyyar ta fetur, sai ta tashi da ta lantarki. Tana soya ƙwai tana kallon bidiyo a waya, wani ya yaba, wani ya zage, duk ta saurara.

"Arlo, ashe batirin ma iri-iri ne. Akwai mai nikel, ya fi cin dogon zango. Akwai mai ƙarfe, ya fi araha, ya fi tsawon rai, amma sanyi ya fi kama shi."

"Uhm. Miƙo min man shanu."

"Kuma wai ana nan ana haɗa wani sabo da zai fi su duka. In na saya yanzu, baɗi a fito da shi fa?"

"Sai ki sayi ta fetur."

"In zuba kuɗina a tanki har in mutu?"

"To sayi ta lantarkin."

"Kai fa matsalarka ke nan, ba ka da ra'ayi!"

Ta koma wurin Denny, ta sake komawa, ta kwanta ƙarƙashin wannan ta leƙa ƙarƙashin waccan, har masu saye suka fara ɗauka ma'aikaciya ce. Ran nan ya cillo mata makulli.

"Ɗauki ta lantarkin ki yi mako da ita. Don Allah ki bar ni in yi ciniki."

Kwanakin farko kamar ta yi sabuwar ƙawa. Motar ba ta tari, ba ta gurnani, ka taka kawai ta zabura, tirelar na biye kamar ba komai a ciki. Dawakan da ke firgita da ƙarar tsohuwar yanzu sai dai su ga Twila a bakin shinge. Ga soket a bayan motar, ta jona injin wasa ƙarfe ba tare da ta tayar da janareta ba. Inda ya kamata a ga inji kuwa akwati ne fayau, nan ta riƙa ajiye abincin rana.

A shagon shan kofi tsofaffin makiyaya suka samu abin yi.

"Twila, ina kika baro injin? Ko bashi aka ba ki rabin mota?"

"An ce in ruwa ya taɓa ta sai an binne ta cikin buhun shinkafa, kamar waya."

Twila ta miƙe. Ta kama hannun wanda ya fi su baki, wani mai suna Butch, ta sa shi a gaba, ta hau titi ta taka sau ɗaya. Hularsa ta koma kujerar baya. Da suka dawo ya sauko yana riƙe da ƙofa, ya ce shi dai ba ya son abin da ba ya sallama kafin ya tashi.

Ana cikin haka sanyi ya sauko daga Kanada a dare ɗaya. Da safe Elmer Lindgren ya bugo waya. Tsoho ne, abokin mahaifinta, yana zaune shi kaɗai can arewa kusa da iyaka tun rasuwar matarsa. Ya ce goɗiyarsa ta ƙi taka ƙafar gaba.

Twila ta zare igiyar caji daga bango, batir cike, ta ɗaura tirela ta kama hanya. Iska na dukan motar ta gaba, dusar ƙanƙara na tsallaka titi kamar hayaƙi. Ba ta yi nisa ba ta lura lambar cajin batir da ke gabanta tana sauka fiye da yadda hanya ke raguwa. Ta rage gudu. Ta kashe na'urar ɗumama mota. Ta jawo bargon doki ta rufa a cinya, numfashinta na fita fari, idonta ɗaya a titi ɗaya a kan lambar. Ta zagi Denny, ta zagi masu bidiyo, ta zagi kanta. Sanda ta shiga ƙofar Elmer, abin da ya rage bai kai kwata ba.

Aiki dai ta yi shi. Ta ɗaga ƙafar goɗiyar ta matse tsakanin gwiwoyinta, ta bi tafin kofaton da wuƙa a hankali har ta samu baƙin ɗigon, ta huda. Mugunya ta tsarto, goɗiyar ta sauke wani dogon numfashi ta sassauta jiki. Twila ta jona buta a bayan motar ta dafa ruwan gishiri, ta jiƙa ƙafar, ta naɗe. Sai ta tsaya tana kallon motar, hannu a ƙugu. Wurin caji mafi kusa ya fi ƙarfin abin da ke cikinta.

"Akwai soket na injin walda a rumfar can," in ji Elmer. "Ko ba ta cin irin wannan?"

Ta ci. Denny ya bar igiyar a ƙarƙashin kujera. Amma da suka jona, allon motar ya nuna sai yamma liƙis kafin ta tara abin komawa gida.

Gidaje biyu ke jiranta a ranar. Ta buga wa na farko, ya ce ba komai. Ta biyun mace ce mai dawakan gasa, ta ce ita ba ta san zancen batir ba, akwai wani saurayi da ya fara sana'ar, shi za ta kira. Twila ta cusa wayar a aljihu, ta shiga zagaye tsakar gidan. Ta yanke wa sauran dawakan kofato ba a sa ta ba. Ta kama jakin Elmer, wanda rabonsa da a taɓa masa ƙafa tun bara, suka yi kokawa ta gama da shi. Ta gyara ƙyauren rumfa. Bayan kowane aiki sai ta je ta leƙa allon, ta ga ya ɗan motsa kaɗan, ta yi tsaki.

"Ke 'yar nan, shigo ciki kafin kunnuwanki su faɗi," Elmer ya kira daga ƙofa. "Na ɗora farfesun barewa."

Ta shiga don ba yadda za ta yi. Ta ci a tsaye, sai da ya tura mata kujera da ƙafa. Ya zuba kofi, ya daɗe yana juya cokali.

"Tun bazara nake son in yi miki wata magana. To ke kafin mutum ya haɗiye yawu kin kai titi."

"Ga ni ai. Mota ta ɗaure ni."

"Wannan ne hunturuna na ƙarshe a nan. Yara sun matsa in koma birnin Billings kusa da su. Rannan na faɗi a rumfa, na daɗe ban iya tashi ba. Na sayar da filin." Ya kurɓi kofi. "Shanu da sauran dawakan za su tafi kasuwa. Ita goɗiyar ce ba na so ta shiga hannun wanda bai san ta ba. Ta tsufa, ba mai sayenta don hawa, kin kuma san inda irinsu ke ƙarewa."

Twila ta miƙe, ta je taga, ta dawo, ta ɗauki kofinta ta aje. Shekara nawa tana zuwa gidan nan, ba ta taɓa lura ya tsufa haka ba.

"Ba ni da makiyaya, Elmer. Bayan gidana fili ne kawai, ko shinge babu."

"Na sani."

Ta fita. Ta je ta tsaya wurin goɗiyar, wadda ta riga ta fara taka ƙafar tana cin ciyawa. Da ta dawo ta ce daga bakin ƙofa, "In ƙanƙara ta narke zan zo da tirelar doki. Ka ƙara min farfesun nan." Suka zauna har rana ta yi ƙasa, yana ba ta labarin yadda mahaifinta ya taɓa faɗawa kwamin shanu a gaban budurwarsa.

Da mako ya cika ta mayar wa Denny makulli.

"Raina na wurin wannan," ta ce, "amma hanyata ta fi batirinta tsawo. Kawo takardun ta fetur."

"Kin tabbata? Kar gobe in gan ki ƙarƙashin mota."

"Kawo kafin in sake shawara."

Ba ta ji daɗin sayen ba ko kaɗan. Ƙarar injin ta riƙa damunta, ita da ta yi shekara talatin tana jin irinta ba ta damu ba. A gidan mai takan tsaya tana harar famfo kamar shi ya yi mata laifi. Mai dawakan gasa ba ta sake kira ba. Amma motar ta kai ta ko'ina a hunturun, ta dawo da ita, da ɗumi a ƙafafunta.

Da bazara ta ɗauko goɗiyar. Elmer bai fito ya ga an loda ta ba, ya ce yana neman wani abu a ɗaki. Twila ta kafa shinge da hannunta, ta haɗa 'yar rumfa. Ba a gama buga kwanon rufin ba Arlo ya fito da kofi a hannu ya same ta a saman tsani da igiyar awo.

"Me kuma ake aunawa?"

"Faranti masu ɗaukar hasken rana. Ina ganin rufin nan zai ci takwas."

"Ke da ke da motar fetur?"

"Na ce maka da ita za a binne ni? Riƙe min tsanin nan, yana rawa."

Arlo ya aje kofin a kan turken shinge, ya zo ya riƙe.