Ranar da Kofur Ya Jingine Sandarsa

Maigidana ya dawo daga yaƙin Kamaru da gwiwar hagu kamar tulu. Igwar da suke ja ce ta zame a kan dutse ta danne shi. Likitan soja ya sa shi a ajin masu ɗan rauni, aka yanka masa fanshon da ko dawar wata ba ya saya. Dole ya koma dako a tashar jirgi, yana ɗaukar dilolin auduga da ƙafa ɗaya da rabi.

Ni na tayar da maganar ƙarin fansho. Sau uku ina takawa daga Tudun Wada zuwa wurin mai rubuta wasiƙa, har aka ce ya zo bariki likita ya sake dubawa. In an ɗaga masa aji, ya bar dako.

Ranar na hana shi gasa gwiwar, na hana shi man kaɗanya. Na ce, "Maigida, ka kai musu ita yadda take. Ka riƙe sandarka. Ka faɗa musu ko sallah a zaune kake yi."

Ya ce, "Na ji, samanjan gida."

Ba a bar ni na shiga ba, sai na tsaya bakin taga. Ana kiran lambarsa na ga ya jingine sandar a bango. Ya shiga, ya buga ƙafa, ƙafar nan dai, ya ƙame ya sara. Bature ya yi magana, tafinta ya ce, "Kofur, yaya gwiwar?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Alhamdu lillahi."

Na ƙwala ihu, "Ƙarya ne! Ku naɗe wandon ku gani!" Masinja ya kore ni. Tafinta ya riga ya juya maganar, likita ya riga ya rubuta.

A hanya ya zube gindin wani durumi, gumi na tsiyaya. Babu abin da ban gaya masa ba. Da na gaji ya ce, "To me zan ce? A tambaye ni jiki, in kai ƙarar Ubangiji gaban Bature?"

Ba a sake kiransa ba. Damina biyu ya ƙara a tasha, sannan gwiwar dama ta gaji da ɗaukar 'yar'uwarta. Da jan gindi ya ƙarasa kwanansa, mutumin da ya taka har Kamaru.

Sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci. Takardar likitan tana adakata, da Turanci take, ban iya ba. Amma na san abin da ke ciki, ina nan aka faɗe shi. Har yau in na je dubiya aka ce mini da sauƙi, sai na ce a buɗe in gani.