Ƙauyen da ke Kan Tebur

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ina aikin kula da tsofaffi gida-gida a unguwar Handsworth, can ƙasar Turawa. Minti goma sha biyar aka yanka wa kowane gida. Akwai wani Bature, tsohon soja, da kullum nake tarar ya shirya wani ƙauyen Faransa a kan teburinsa: igiyar takalmi ce kogi, cokali gada, kwalbar gishiri kuma cocin da ke kan tudu.

Da yatsa yake tafiya, yana ba ni labarin yaƙi. Su shida suka ratso gonar tuffa, suka biyo kogi, Jamusawa suna can sama. Kullum yana isa bakin gada lokacina yake cika.

Ran nan ya riƙe mini hannu ya ce, "Yau kam tsaya mu haye."

Na zare cokalin, na ɗura masa magani da shi. Na ce, "Baba, yaƙinka ya ƙare tun tuni. Ni bas zai wuce ni."

Bai sake shirya teburin ba. Ranar da aka ce ya rasu, abin da ya fara zuwa raina shi ne yanzu da minti goma sha biyar ɗinsa zan riƙa cin abincin rana a zaune.