Ranar da Aka Ƙidaya Garinmu Ba Ni a Ciki

Shekarun baya, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu da ke gefen Ollelewa, abokina ya dawo daga karatun likitan dabbobi a wani ƙaramin gari na Yukiren. Ya cika mana kunne da labarin garin. Wai bai fi Belbeji girma ba, amma an rubuta wanda ya fara zama, da yaƙin da ya ci su, da yawan mutanensu, ko jariri ba a bari ba. Na ce masa mu ma ai mun san kanmu, ba sai da takarda ba. Ashe cika baki na yi.

A ranin nan aka ce za a haƙa fanfo guda, tsakaninmu da ƙauyen da ke gabas da mu, wanda ya fi jama'a shi zai samu. Mun fi su, kowa ya sani. Matanmu kuwa tafiya mai nisa suke yi da jakuna kafin su kai rijiya, mahaifiyata a cikinsu, da ciwon gwiwarta.

Aka turo ma'aikacin ƙidaya, maigari ya haɗa shi da ni tunda ni ne ɗan boko. Maza sun tafi cin rani, sai mata muke tararwa. Ya tsaya bakin zaure ya tambayi yawan 'ya'ya, ya rubuta, ya wuce. Abin da ke ƙona mini rai har yau, mutumin nan ɗan ƙasa ne. Ya san macen garinmu ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ma sa shi a lissafi gaban baƙo saboda kunya. Tambaya ɗaya zai ƙara: ban da babban? Bai ƙara ba, sauri yake ya koma Tanut kafin rana ta yi zafi.

Muka zo gidanmu. Ya tambayi mahaifiyata, ta sunkuyar da kai ta ce shida. Mu bakwai ne, ni ne na fari, ina tsaye riƙe da jakarsa. Ya rubuta shida.

Haka aka yi ta zubar da mu gida-gida. Da sakamako ya fito, ƙauyen gabas suka fi mu da 'yan kaɗan, domin su ranar kasuwa aka ƙidaya su, dattawan gida suna nan suna amsawa. Fanfo ya tafi can.

Na shiga gida ina faɗa kamar zan ari baki, ina cewa kunyar banza ta jawo mana. Mahaifiyata tana kwance jarkoki daga bayan jaki, ba ta ko dube ni ba.

"To, kai da ka yi lakwal, kana tsaye, me ya hana ka cewa bakwai?"

Gaskiya ita ce nauyin gyara mata magana gaban baƙo na ji, kuma haka na yi shiru a kowane gida muka shiga.

Daga baya mun samu namu fanfon, an wuce wurin. Amma har yanzu ina jin haushin wanda ya san al'adar mutane ya yi kamar bai sani ba don aikinsa ya yi sauƙi. In na gama zaginsa a zuci kuma sai in tuna mu biyu ne muka sani. Mahaifiyata ba ta sha ruwan fanfon ba, ta rasu ana cikin haƙa shi.