Shafin Tsargiya Da Ba Wanda Ya Buɗe

Ranar da aka gano ciwona, ba asibiti na tafi ba, aiki na kai mutane. Ba na mantawa da ita.

Ni direba ne a wani ofishin lafiya a Goronyo. Ban yi boko ba. Ofishin ya gina shafi a intanet domin manoman rani, masu albasa da shinkafa a bakin kanal, wato magudanar ban ruwa. An jera cututtuka da sunayensu. Ka taɓa suna a waya, murya ta yi maka bayani da Hausa.

Shugabarmu, Hajiya Hadiza, batun tsargiya ne ya dame ta, wato fitsarin jini da ake ɗauka a ruwa. Gwaji ya nuna tana da yawa a yankin. Amma injiniyanmu, Bello, wanda ke ganin abin da mutane ke buɗewa, ya ce shafin tsargiya ko ƙuda bai sauka kansa ba.

Na kai su Rimawa ranar kasuwa domin su gwada shafin. Ƙa'idar gwajin ita ce a miƙa wa mutum waya, a ce ya nemi abin da ke damunsa, kada a taimaka masa. Manoma suka yi ta taɓa zazzaɓi da ciwon baya. Har la'asar ba wanda ya taɓa tsargiya.

A mota Bello ya ce, "Hajiya, a ƙara girman rubutun."

Na yi dariya.

Hajiya ta ce, "Baba Sani, mi ya ba ka dariya?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, wa ke neman maganin abin da ba ciwo ba? Duk mai shiga kanal yana fitsarin jini. Iyayenmu sun ce alamar namiji ce."

"Har kai?"

"Tun ina ban ruwa, kafin in kama tuƙi."

Bello ya ce, "Baba, shekara biyu kana ɗaukar mu, ba ka faɗa ba?"

"Ba ku tambaye ni ba. Ni ma ban tambaye ku naku ba."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce in juya mota zuwa asibiti. Likita ya ce ciwon ya daɗe, ya riga ya taɓa mafitsara.

Bayan haka suka sauya fuskar shafin. Suka cire jerin sunaye, suka sa hoton mutum tsaye cikin ruwa har gwiwa, murya tana tambaya: "Kana shiga kanal?" Wannan kowa ya san amsarsa. Suka fara taɓawa.

Abin da na gane, mutum ba ya neman abin da bai ɗauka matsala ba. Ka tambaye shi aikinsa, ciwon zai biyo baya.

Ni kuwa na sha magani, jinin ya tsaya. Mafitsarar ba ta koma daidai ba, doguwar tafiya ta gagare ni. Na ajiye tuƙi. Yanzu ina Giyawa, ina noman gero, inda ruwa daga sama yake zuwa.